Tambaya da Amsa: Abin da Ɓera Ya Nuna Mana Kan Yadda Ake Gina Ƙwayar Maniyyi

Assalamu alaikum. A makonnin nan wasiƙu huɗu suka taru a teburina, daga mutanen da ba su san juna ba, amma duk magana ɗaya suke kewayawa. Shi ya sa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum na sakaya sunaye, na kuma taƙaita wasiƙun. Maganar ta taɓa abin da ba mu saba faɗa a bainar jama'a ba, amma babu kunya a neman sani, don haka zan kira kowane abu da sunansa.

Tambaya: Malam, ina aji 3 a jami'a, ina karanta ilimin halittu. An ba mu aiki kan yadda furotin ke cuɗanya da juna wajen samuwar maniyyi a jikin ɓera. Na karanta har kaina ya ɗau zafi, ba abin da nake gani sai haruffa da lambobi. Me ya sa ɓera? Kuma ta ina zan kama bakin zaren? — *Wata ɗaliba, Zariya*

Amsa: 'Yata, ajiye haddar sunayen nan tukuna. Furotin su ne ƙananan ma'aikatan da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma duk wanda kika ci karo da shi, tambayoyi 3 za ki yi masa: wa yake riƙewa, a wane lokaci, kuma me ya faru da aka raba su. In kin samu amsar waɗannan, sunan zai zauna miki da kansa.

Dalilin ɓera kuwa lissafi ne. Daga ƙwayar asali zuwa cikakkiyar ƙwayar maniyyi, ɓera na bukatar kwana 35 ne kacal, ɗan Adam kuma sai ya haura wata 2. Cikin ɓera mako 3 ne, ɗansa kuma yana balaga a mako 6 zuwa 8. Babban dalilin shi ne ana iya cire masa saƙon gado guda ɗaya, wato guntun DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗaya, a zauna a ga abin da zai lalace. Wannan dabara ce ta sa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies suka ci kyautar Nobel a 2007, kuma tun da CRISPR, wata dabarar yanka da gyara DNA, ta shigo aikin ɓeraye a 2013, abin da kan ci fiye da shekara ya koma 'yan watanni. Akwai wata falala kuma da ni kaina na ci moriyarta lokacin da nake karatun digirin ƙarshe: a jinjirin ɓera, zangon farko na samuwar maniyyi yana tafiya ne a jere. Ɗan kwana 10 ya fara rabon gado, wato rabuwar ƙwaya da ke rage saƙonnin gadonta zuwa rabi, ɗan kwana 20 ya fara fitar da ƙwayoyi masu rabin gado, ɗan kwana 35 yana da maniyyi. Ranar haihuwar da aka rubuta a jikin keji ita ke gaya miki matakin da za ki tarar a ciki.

To ga bakin zaren. 'Ya'yan maraina cike suke da siraran bututu a nannaɗe. Ƙwaya tana fara rayuwa a jikin bangon bututun, tana matsawa tsakiya tana sauya kama, sai ta isa ramin tsakiya ta zama maniyyi. A duk tafiyar nan tana goye ne a jikin wata doguwar ƙwaya da Enrico Sertoli, ɗan ƙasar Italiya, ya bayyana a 1865, ake kiranta da sunansa. Ita ce uwar goyo, ita ke ciyarwa, ita ke ba da umarni.

Umarnin farko "zauna" ne. Uwar goyo na sakin furotin GDNF, shi kuma ya kama GFRα1 da RET da ke jikin ƙwayar asali, ma'ana ki tsaya nan ki zama iri. Masu bincike a Helsinki sun nuna a 2000 cewa in GDNF ya yi kaɗan, irin yakan ƙare a hankali har bututu ya zama wayam, in kuma ya yi yawa sai ƙwayoyin su taru su ƙi gaba. Umarni na biyu "tashi" ne, kuma sinadarin da jiki ke samarwa daga bitamin A ke buɗe shi. Daga nan ƙwayar ta fito da furotin KIT a bayanta, ya haɗu da abokinsa da ke jikin uwar goyo. Tun kafin a san sunan KIT masu kiwon ɓerayen bincike sun lura da wasu ɓeraye farare fat masu baƙin ido, ga ƙarancin jini, ga rashin haihuwa. Me ya haɗa launin gashi da jini da haihuwa? Sai wajajen 1988 zuwa 1990 aka gano cewa musabaha ɗaya ce ta tsinke: ƙwayoyin launi da na jini da na haihuwa duka suna dogara da KIT da abokinsa.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi burge ni, don haka ki yi haƙuri in ɗan daɗe a kansa. A sauran jiki, in ƙwaya ta rabu biyu, sai a yanke ɗan zaren da ya rage tsakaninsu, kowacce ta kama gabanta. Furotin CEP55 ne ke tsayawa a wurin ya kira masu yankan. A bututun maniyyi kuwa akwai TEX14, wanda ke riga kowa kama CEP55 ya mamaye mazaunin da masu yanka za su zauna. Sai yankan ya fasa, gada ta tsaya tsakanin ƙwayoyin, har su zama ɗaruruwa a sarƙe kamar carbi. Amfanin gadar? Bayan rabon gado, rabin ƙwayoyin na ɗauke da kuromosom X (kuromosom shi ne ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya), rabi na ɗauke da Y, alhali akwai saƙonni a kan X da kowacce ke bukata. Ta gadar nan mai shi ke sammawa marar shi. A 2006 ɗakin binciken Martin Matzuk a Houston ya cire TEX14: gadojin suka ɓace, mazan ɓerayen suka daina haihuwa ɗungum, matan kuwa suka ci gaba da haihuwa. Dubi aikin TEX14 da kyau. Bai gina komai ba, wani kawai ya riƙe don kada ya yi aikinsa. Cuɗanyar furotin ba kullum taimakon juna ba ce, wani lokaci tarewa ce.

Sai rabon gadon kansa. Ɓera na da kuromosom 40, maniyyinsa zai ɗauki 20, mu muna da 46, namu ya ɗauki 23. Kafin a raba, dole kuromosom na uwa ya jeru da takwaransa na uba su yi musayar guntaye. SPO11 ne ke tsattsinka DNA da gangan, DMC1 da RAD51 su kama bakin da aka tsinka su kai shi ga takwaransa. Abin da ke riƙe su biyun a jere kuwa kamar zif ɗin riga yake: SYCP2 da SYCP3 su ne gefuna biyu, SYCP1 haƙoran tsakiya. A 2000 aka cire SYCP3 a Sitokhom ta ƙasar Suwidin, ƙwayoyin mazan suka mutu a daidai wannan mataki, ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Abin da ya rage ɗaurin kaya ne da haɗa jiki. Ana kwance DNA daga furotin histon da ya saba naɗuwa a kai, a miƙa shi ga TNP1 da TNP2 na wucin gadi, sannan wasu furotin da ake kira furotamin su matse shi tamau yadda zai shiga ɗan ƙaramin kai. Kan maniyyin ɓera lanƙwashe yake kamar lauje, kuma tsawon ƙwayar ya kusa ninka na mutum. A wuya kuma SUN5 da PMFBP1 da SPATA6 ne ke ɗaure kai da wutsiya. In babu SUN5, sai a ga wutsiyoyi na iyo babu kawuna.

Ranar da na fara ɗora yankan maraina biyu a ƙarƙashin madubin likita, ɗaya na lafiyayyen ɓera, ɗaya na wanda aka cire wa saƙo guda, ba ta fita raina ba. Na farkon bututunsa cike, wutsiyoyi sun yi cunkus a tsakiya kamar gezar masara. Na biyun layi biyu ne na ƙwayoyi a jikin bango, tsakiya fayau. Ɓerayen nan uwarsu ɗaya, kejinsu ɗaya, girmansu ɗaya, kuma na biyun yana bin mace yana barbara kamar kowane. Ki gina aikinki a kan tafiyar nan daga bango zuwa tsakiya, ki sa kowane suna a zangonsa.

Tambaya: Ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare. Ɗalibina ya tambaye ni yadda ake sanin furotin biyu sun riƙe juna tunda ido ba ya ganinsu, na rasa amsa. — *Wani malami, Katsina*

Amsa: Malam, ka gaishe min da yaron nan, tambayar masana ya yi. Hanya mafi sauƙin bayani ita ce ta ƙugiya. Ana niƙa naman maraina, a jefa wani sinadari da ke kama furotin ɗaya tak, a jawo shi, sannan a duba su wa suka biyo shi maƙale. Akwai kuma hanyar yis, irin wanda ke kumbura burodi, wadda Stanley Fields da Ok-kyu Song suka fito da ita a 1989: a sa furotin biyun cikin ƙwayar yis, a tsara ta yadda ba za ta rayu ko ta sauya launi ba sai in sun haɗu.

Sai dai kowacce na iya ruɗin mutum. Na taɓa shafe wata 8 ina bin wasu furotin biyu da suka riƙe juna da kyau a cikin yis. Da na koma jikin ɓeran, sai na tarar ɗayan ya gama aikinsa ya ɓace kwanaki kafin ɗayan ya bayyana. Ba su taɓa zama a ƙwaya ɗaya a lokaci ɗaya ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, kuma tun daga nan ba na yarda da wata cuɗanya sai an nuna min ita a cikin dabbar.

Akasin haka ma na faruwa, riƙon gaskiya ya kuɓuce wa ƙugiya saboda rauninsa. A 2005 ɗakin binciken Masaru Okabe a Osaka ya gano furotin da ke jikin maniyyi wanda in babu shi maniyyin zai isa jikin ƙwai amma ba zai haɗe da shi ba. Suka raɗa masa Izumo, sunan wani wurin bauta a Japan da ake dangantawa da aure. Abokinsa na jikin ƙwai kuwa shekara 9 ana nema. Riƙonsu ba ya daɗewa, da an wanke sai ya saki. Enrica Bianchi da Gavin Wright a Ingila suka yi dabara, suka ɗaure Izumo da yawa a dami ɗaya don riƙon ya yi ƙarfi, a 2014 suka kamo abokin, suka sa masa Juno. Cikin kusan minti 40 da shigar maniyyin farko, ƙwai kan zubar da Juno ɗinsa, abin da ake ganin yana cikin hanyoyin rufe ƙofa ga na biyu. Yanzu kwamfuta ma ta shigo: a 2024 masu bincike a Biyana ta ƙasar Austiriya sun yi amfani da AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, suka hango cewa Izumo na tafiya ne tare da SPACA6 da TMEM81, sannan suka gwada a jikin dabba.

Ka ƙara wa ɗalibin wannan, don yana koyar da tsantseni. A 2016 masu bincike daga Osaka da Houston sun cire saƙonnin gado 54, ɗaya bayan ɗaya, duka waɗanda suka fi aiki a maraina, kowa na zaton dole ne a bukace su. Ɓerayen suka ci gaba da haihuwa. Samun furotin a wuri bai isa hujjar cewa shi ke riƙe da wurin ba.

Tambaya: Shekararmu 7 da aure babu haihuwa. Da ƙyar mijina ya yarda aka yi masa gwaji, aka ce babu ƙwayar maniyyi ko ɗaya a ruwansa. Ya ƙi yarda, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ba shi da wata matsala a shimfiɗa. Danginsa ni suke kallo, har ana maganar ƙarin aure. Na ji ana cewa an gano maganin wannan a jikin ɓera. Gaskiya ne? — *Wata baiwar Allah, Maraɗi*

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya kawo miki mafita, Ya saka miki da alheri kan haƙurin shekarun nan. Na karanta wasiƙarki sau 3.

Mijinki bai yi ƙarya ba, gwajin ma mai yiwuwa bai yi ba. Abu biyu ne mabambanta muke haɗawa a suna ɗaya. Sha'awa da ƙarfi da gemu da murya aikin testosteron ne, wato homon ɗin namiji da ke yawo a jini, kuma ƙwayoyin da ke ƙera shi a wajen bututun suke. Ruwan da ke fita kuma mafi yawansa daga wasu jakunkuna na daban yake zuwa, ƙwayoyin maniyyi ɗan kaso ne ƙanƙani a ciki. Don haka namiji zai iya zama cikakke ta kowace fuskar da ido ke gani, bututunsa kuma babu komai, kamar ɓeran da na ba ɗalibar can labari. Kusan namiji 1 cikin 100 haka yake. Ba laifinsa ba ne, ba kuma naki ba, kuma in matsalar daga nan take, ƙarin aure ba zai sauya ta ba, wata baiwar Allah kawai za a jawo cikin zargin.

Maganar magani, ba zan ba ki begen da ba shi da tushe ba. Abin da ɓera ya fi ba mu zuwa yanzu shi ne sanin dalili. An fara ganin aikin TEX11 a ɓera, sannan a 2015 aka same shi a lalace a jikin wasu mazan da maniyyinsu ya tsaya a matakin rabon gado. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke gyara irin wannan, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinku yake so. Ba kuma duk abin da aka gani a ɓera ke aiki a mutum ba. Ƙofar kalsiyum ta CatSper, wadda aka gano a 2001, ita ke ba wutsiya ƙarfin bugu na ƙarshe a mu da ɓera duka, amma a mutum homon ɗin mace na furojesteron ke buɗe ta, ta ɓera kuwa ba ta amsa masa.

Amma wani lokaci sanin dalilin kan buɗe hanya. Mazan da SUN5 ɗinsu ya lalace, masu kai daban wutsiya daban, likitoci a Sin sun ɗauki kan kawai suka saka shi cikin ƙwan matar da siririyar allura, aka samu 'ya'ya lafiyayyu, kamar yadda aka samu a ɓera. Wannan hanya ta saka ƙwaya ɗaya cikin ƙwai an fara ta ne a Beljiyam a 1992.

Ga abin da zan so ku yi. A maimaita gwajin bayan wata 2 zuwa 3, domin zazzaɓi mai zafi kaɗai kan iya durƙusar da maniyyi na tsawon wannan lokaci. In sakamakon bai sauya ba, ku nemi likitan mafitsara da al'aurar maza a babban asibiti, shi zai bambance muku abu biyu: ko ana ƙera maniyyin amma hanya ce ta toshe, kamar yadda tsohon ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba kan jawo, ko kuwa ƙirar ce ta tsaya. Na farkon ana iya yin aiki a buɗe, ko a ɗebo maniyyin daga bayan toshewar. Na biyun sai an auna homon a jini, a duba kuromosom, musamman Y, kuma ko a nan akwai mazan da ake tono 'yan ƙwayoyi daga cikin marainansu a yi amfani da su da ƙwan matansu. Aikin na da tsada kuma ba kullum ake dacewa ba. A gaya wa likita in ya taɓa yin hangum bayan balaga.

Kada ki tunkare shi da takardar a gaban kowa. Namiji a wannan hali tsoro ne ke cinsa, ko da faɗa yake yi. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ki ce masa ku koma wurin likita tare, ke ma a duba ki.

Tambaya: Ina ɗaga ƙarfe, wani abokina ya ba ni allurar testosteron. Ya ce har haihuwa take ƙarawa. Aurena saura wata 5. — *Wani matashi, Kumasi*

Amsa: Ɗana, abokinka ya juya maganar. Maraina na bukatar testosteron a cikinsu fiye da wanda ke yawo a jini sau da yawa, kuma da kansu suke ƙera shi bisa umarnin homon LH, wanda shi da abokinsa FSH mai ƙarfafa uwar goyo ke saukowa daga wata 'yar ƙaramar jaka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. In ka zuba na allura a jini, ƙwaƙwalwa sai ta ga kamar ya wadata, ta janye umarnin. Damtse ya kumbura, marainan su yi shiru, uwar goyon nan ta rasa abin da take reno da shi. Har gwada testosteron aka yi a matsayin maganin hana haihuwa na maza, saboda wannan dalili.

Yawancin maza kan farfaɗo bayan sun daina, amma abin kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, gwargwadon daɗewar da aka yi ana yi. Ka je wurin likita a makon nan da kwalbar a hannunka, ka gaya masa yaushe ka fara da kuma sau nawa ka yi, shi zai tsara maka yadda za ka bari. Ka nemi gwajin maniyyi yanzu, ka sake wani bayan wata 3, kafin ranar ɗaurin auren.